Mai Ciwon Baya Ba Ta Gama Magana Ba

Zuwa ga 'yata Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Mu nan sai godiya. Innarki 'yar'uwata tana gaishe ki, ta ce wai ko kin manta hanyar gida ne.

Wasiƙarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Na ji an sake kiranki intabiyu domin shiga horon likitan iyali, Allah ya sa a dace. Amma akwai maganganu biyu a ciki da ban ji daɗinsu ba.

Ta farko, kin ce in aka sake mayar da ke kamar bara za ki ajiye aikin asibiti gaba ɗaya, wai kin gaji da zama 'yar cike gurbi a ɗakin gaggawa alhali sa'o'inki sun yi gaba. Kada in ƙara jin wannan. Ba a haifi mai gudu a ɗakina ba. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya rasu yana alfahari da ke, ba za ki mayar da shi maƙaryaci ba.

Ta biyu, kin ce masu intabiyun bara sun rubuta cewa iliminki ba laifi, amma kina katse mara lafiya kina yi masa wa'azi. Sai kika ƙara da cewa wai a nono kika sha. Ban yi dariya ba. Na ƙare ƙuruciyata ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata a makaranta, kuma babu wadda ta lalace don na faɗa mata gaskiya. Mutum an ce ya bar sukari ya ƙi, sai kuma a tafa masa? To amma tunda kiɗan zamani ya canza, ki canza rawa. Mai nema ba ya fushi.

Kin roƙe ni in riƙa zama mara lafiya kina gwaji a kaina ta waya. Na yarda. Sai dai hukuncina a rubuce zan riƙa aiko miki, domin a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Ki rubuto mini ƙa'idar yadda ake yi. Ba na shiga abin da ban san dokarsa ba.

Ki riƙa cin abinci a zaune kamar 'yar mutane. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.

*

Umma ta,

Ina gaisuwa da ladabi. Na ji faɗa, na kuma gode. Ki ce wa Inna hanyar gida tana nan a kaina, hutu ne babu.

Ga yadda abin yake. Ɗakuna uku ake shiga. A na farko an zaunar da ɗan wasan kwaikwayo a matsayin mara lafiya. A na biyu ɗan'uwan mara lafiya ne ya zo da fushi. A na uku abokin aiki ne da ya yi kuskure. Kowane ɗaki minti goma ne, ƙararrawa tana bugawa sai mutum ya tashi ko da magana a bakinsa. Masu ba da maki suna zaune a kusurwa da biro, ko tari ba sa yi.

Ɗakin farko shi ya kayar da ni. Mara lafiyan yakan zo da ciwo biyu: wanda zai faɗa da bakinsa, da wanda ya ɓoye, wato ainihin abin da ya kawo shi. An hana shi faɗin na biyun sai likita ya buɗe masa ƙofa da tambayar da ta dace. Bara wani dattijo ya ce mini ba ya barci, na cika shi da bayani a kan shan shayi da yamma. Ashe matarsa ce ta rasu. Ban sani ba sai da na fito.

To Umma, ki ƙirƙiro mini mara lafiya. Ki ba ta shekaru da ciwo, ki ba ta abin da take ɓoyewa. Dokar ɗaya ce: kada ki faɗa mini sai na tambaya daidai. Ko kin ga ina nutsewa kada ki miƙo hannu. Na san ba sai na nanata miki wannan ba, ke da ko alewa ba ki taɓa ba mu a kan kuka ba.

Na sayi agogo mai ƙararrawa irin nasu. Zan kira ki duk ƙarshen mako.

'Yarki.

*

Zuwa ga 'yata Likita,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Sau uku ke nan muna yi, ga hukuncina.

Matar da na kawo miki ta haura sittin, mijinta ya rasu, ta ce miki bayanta yana ciwo kuma tana yawan gajiya. A karo na farko ko gaisuwa ba ku gama ba kika hau ta da tambaya: tana ɗaukar kaya mai nauyi? Katifarta ta lotsa? Ta ce a'a. Sai kika yi mata huɗuba a kan rage ƙiba da tattaki. Matar da ba ki ma gani ba, wa ya ce miki tana da ƙiba?

A karo na biyu kin gyara gaisuwa, na ba ki wannan. Kin ce, "Sannu Baba, ciwo ba daɗi." Amma kamar kina karanta allon talla kika faɗe shi. Ta ce miki, "Likita, har wanki na daina bayarwa waje, da kaina nake yi." Kika ce, "To ai shi ya sa bayan yake ciwo, ki daina sunkuyo." Kika wuce.

A karo na uku ta ja numfashi, ta ce, "Akwai dai wani abu, amma abin na mata ne." Sai ƙararrawarki ta buga. Kika ce, "Lokaci ya cika! Umma, nawa kika ba ni?"

Huɗu na ba ki cikin goma, kuma da sassauci.

Bari in gaya miki abin da ba ya cikin littattafanki. Lokacin da nake aiki a makaranta, in yarinya ta zo ƙofar ofishina tana neman sabulu sau ɗaya, sabulu take so. In ta dawo sau uku tana murza bakin riga, ba sabulu ya kawo ta ba. Sai in ce ta shigo, in ci gaba da ninke zannuwa kamar ban damu ba. Ba na cewa komai. Da kanta take fara kuka. Ke shiru kike tsoro kamar kura. Da mara lafiya ya tsaya haɗiyar yawu sai ki cike wurin da iliminki. Ilimi ba ya rubewa don ya jira numfashi biyu.

Matar nan ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Ki sake gwadawa.

Labarin gida babu wani sabo. Na sa an sauko mini da gadona ɗakin ƙasa, matakala ta ishe ni. Na sallami mai wanki, yana yaga mini zannuwan gado. Innarki ta dame ni wai na rame, na ce mata ta kula da bakinta, shi ne ya yi ƙiba.

Allah ya ba ki nasara.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Gaisuwa da ban girma. A kan teburin nas-nas nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da rubutun.

Don Allah ki sallami matar nan mai ciwon baya. Na haddace ta kamar karatun firamare. Na tambaye ta ko rashin kuɗi ne, ta ce a'a. Ko kewar miji ce, a'a. Ko 'ya'yanta sun yi watsi da ita, ta ce suna ƙoƙari. Ni dai ina zargin mantawa kika yi ba ki shirya mata abin ɓoyewa ba, kina ta wahalar da ni a banza. Mako biyu ya rage, kuma ban taɓa ɗaki na biyu da na uku ba.

Wannan satin ki zama 'yar'uwar mara lafiya da ta zo da fushi. Na san wannan ba sai kin yi shiri ba, ki tuna ranar da na fasa miki madubi kawai.

Game da mai wanki, ki nemi wani mana. Bai kamata ki riƙa wanki da kanki ba.

'Yarki mai ƙaunarki.

*

Zuwa ga 'yata Likita,

Bayan gaisuwa. Na ji roƙonki, na sallami matar. Ta ɗaura mayafinta ta koma gida. Abin ɓoyewa kuwa tana da shi, ban manta ba. Ni ba na shirya aiki rabi da rabi. Amma lokaci naki ne, ke kika san inda za ki kashe shi.

A ɗakin mai fushi kin yi ƙoƙari. Na ɗaga murya har maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya, ke kuwa ba ki rama ba, kika bar ni na gama. Takwas. A ɗakin abokin aiki ma ba laifi, sai dai kin yi masa laushi da yawa. Wanda ya ba da magani ba daidai ba a gaya masa ya yi kuskure, ba a yi ta kewaye-kewaye ba. Bakwai.

Kin ce a waya za ki yi ƙoƙari ki leƙo gida kwana ɗaya kafin ki tafi wurin intabiyu, in sa miki albarka. Kada ki zo. Albarka ba ta buƙatar kuɗin mota, ga ta nan na sa miki. Hanya za ta gajiyar da ke, Innarki za ta cika miki kunne da surutu marar amfani. Ki zauna inda kike ki huta. Wannan umarni ne.

Ki goge kayanki tun da wuri. Kada ki sa takalmin nan mai ƙara. In kin shiga ki gai da masu ba da maki ko ba su amsa ba. In mara lafiya ya yi shiru, ki ajiye hannuwanki a cinya, ki ciji harshenki. Kada ki kalli agogo, mara lafiya yana ganin idonki.

Sauran magana sai kin fito. Mai ciwon baya ba ta gaggawa, ta iya jira.

Allah ya buɗe miki ƙirji, ya ɗaure miki baki a inda ya kamata.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Ina gaisuwa. Na fito, kuma ban san yadda zan fara ba.

A ɗakin farko wata mata na tarar, ta ce kanta ke ciwo. Na yi yadda kika ce. Na ajiye hannuwana a cinya. Ta yi shiru, na yi shiru, har na ji biron mai ba da maki ya tsaya. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ban san yadda ake faɗin wannan ba." Na ce, "Ki faɗe shi yadda ya zo miki, ba inda za ni." Ta faɗa. Ashe ƙulli ta ji a ƙirjinta tana tsoro.

Ƙararrawa tana bugawa na miƙe, sai na ji muryarki a kunnena: "Abin na mata ne." Na tuna mai ciwon baya ta ce ta daina ba da wanki waje. Na tuna kin rubuto mini kin sallami mai wanki. Gado ya sauko ƙasa. Inna ta ce kin rame. Umma, a bakin ƙofar ɗaki na biyu na tsaya, sai da mai tsaron layi ta taɓa kafaɗata ta ce, "Likita, ke ake jira." Abin da na faɗa a sauran ɗakunan biyu, Allah kaɗai ya sani.

Ina fita na kira ki. Kika ce, "Lafiya lau, ya intabiyu?" Na ce ba shi nake tambaya ba, kika ce ruwa yana tafasa, kika kashe waya. Na kira Inna ta fashe da kuka, ta ce ita ma ba ki gaya mata komai ba, ido kawai take da shi. Na roƙe ta ta kai ki asibiti gobe da safe wurin likitan mata. Ko za ki yi fushi da ni shekara guda, ki je. Na nemi hutu, sun ce sai wanda zai karɓe ni ya dawo.

Ni na kafa dokar nan, na manta da wadda nake kafa wa. Na kasa tambaya sau uku, na huɗu na ce a kore ta. To ga ni na dawo. Na cire wa agogon batir.

Baba, sannu da zuwa. Me ya kawo ki?

Sauran takardar na bar miki fari.

'Yarki.

*

Zuwa ga 'yata Likita,

Bayan gaisuwa. A kan farar takardar da kika bari nake rubutu, tunda kin yi tambaya daidai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jini ne ya dawo mini, bayan shekaru masu yawa da ɗaukewarsa. Ya fara tun kafin ki rubuto zancen intabiyu, da 'yan watanni. Da farko ɗan kaɗan, na ce zai wuce. Bai wuce ba. Sai ciwon bayan ya biyo, sai gajiya.

Za ki ce me ya hana ni faɗa. Ke likita ce ga duniya, ni kuwa na yi miki tsarki da hannuna. Uwa ba ta buɗe wa 'yarta irin wannan, haka aka rene ni, haka na san duniya. Da kika aiko da dokarki sai na ga kamar Allah ne ya kawo mini hanya. Na ce in ta tambaya, ai mara lafiya ce take amsa wa likita, babu kunya a ciki. Duk ranar da za ki kira sai in yi wanka, in sa mayafi, in zauna a kujerar katakon nan ta falo da jakata a cinya, kamar mai jiran layi. Maganar tana bakina. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, duk sanda ƙararrawarki ta buga nakan ji sanyi a raina, in ce na tsira yau ma. Da kika ce in sallame ta kuwa, sai na ce to madalla, yarinya ta gama jarrabawarta da hankalinta a wuri ɗaya. Saboda haka kada ki ɗora wa kanki duka. Ke ba ki tambaya ba, ni kuma na ji daɗin da ba ki tambaya ba.

Innarki ta kai ni, tana kuka tun daga ƙofar gida har na ce mata in ba za ta yi shiru ba ta sauka. Likitar yarinya ce, ba za ta girme ki ba. Ta ja kujera kusa da ni ta ce, "Mama, ina jinki." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Na jira ta yi mini faɗa in samu abin ramawa, ta ƙi. Kafin in ankara na faɗa mata komai.

Sun ɗauki hoton ciki, sun ɗebi ɗan nama sun kai awo. Jiya muka koma. Ciwon daji ne a mahaifa, kuma sun ce ya ɗan wuce inda ya fara. Za su yi aiki, sannan a bi da magani. Na tambaye ta gaskiya, na ce ni ba a yi mini zagaye-zagaye. Ta ce akwai abin yi, kuma za su yi, amma da na zo tun da fari da aikin ya fi sauƙi. Ba ta ƙara ko kalma ba a kai. Da ni ce a kujerarta da na yi wa matar nan wankin babban bargo. Na yi shekaru ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa mai ɓoye ciwo shi ke haƙa wa kansa rami. Da na sani ƙeya ce.

Abin da ya fi ci mini rai ba ciwon ba ne. Kin ce ba ki san abin da kika faɗa a ɗakuna biyu ba. Na yi shiru ne don kada in ɓata miki ranar, sai ga shi shirun nawa ya bi ki har cikin ɗakin. In suka mayar da ke saboda ni, ban san inda zan sa kaina ba.

Da sakamako ya fito ki sanar da ni, mai daɗi ko marar daɗi. Kada ki ɓoye mini don ina kwance. Mai ɓoyo ɗaya ya isa a gida.

Mahaifiyarki.

*

Umma ta,

Ina gaisuwa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Sun ɗauke ni. Ɗaki na biyu da na uku da ƙyar na haye, ɗakin farko shi ya ja ni. Sun rubuta cewa na iya sauraro. Na karanta wurin, na kife takardar, ban iya sake kallonta ba.

An ba mu zaɓin wurin horo. Na bar babban asibitin da na daɗe ina buri, na zaɓi ƙaramin da ke bayan kasuwarmu, inda kike kai mu allura muna yara. Na riga na sa hannu, saboda haka faɗan da za ki yi ki tanade shi sai na zo. An ba ni hutu, zan iso kafin ranar da za a yi miki aikin.

'Yarki.

*

'Yata,

Alhamdu lillahi. Na sa Innarki ta karanta mini da ƙarfi duk da na karanta da kaina, don in ji shi a bakin wani.

Faɗa kam yana nan, babban asibiti ba abin yarwa ba ne. Amma ba ni da ƙarfinsa yanzu, kuma na sa an share miki ɗakin sama.

Ki zo. Agogon nan ki bar shi can. Mai ciwon baya tana da sauran magana, ba ta ciwo kaɗai ba, kuma minti goma ba zai ishe ta ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Umma.